Yaƙin ruwa a Empire: Total War: dokoki masu kyau, abokin gaba marar dabara

Empire: Total War, wasan kwamfuta na dabarun yaƙi, ya fito a 2009 daga kamfanin Creative Assembly, kuma shi ne na farko a jerin wasannin Total War da ya ba ɗan wasa damar jagorantar yaƙin ruwa da hannunsa. Labarin wasan yana faruwa ne a ƙarni na 18, zamanin jiragen katako masu tafiya da iska, kuma rundunar ruwa ɗaya tana ɗaukar jirage har 20.

Dokokin faɗan an yi musu tunani. Igwoyi a gefen jirgi suke, don haka jirgin da ya fuskanci abokin gaba da goshinsa kusan ba shi da abin harbi. Harsasai iri uku ne. Dunƙulen ƙarfe yana fasa jikin jirgi, kuma shi ya fi zuwa nesa. Harsashi mai sarƙa yana yayyaga ƙyallayen da ke kama iska, yana karya ginshiƙansu, jirgin ya tsaya cak. Na uku ƙananan harsasai ne masu watsuwa, aikinsu kashe ma'aikatan jirgi daga kusa. Wanda yake so ya kama jirgi maimakon ya nutsar da shi sai ya fara da mai sarƙa, ya zagaya ta bayan jirgin inda igwoyinsa ba sa kaiwa, ya zuba masa masu watsuwa har ma'aikatan su karaya su miƙa wuya. Harbi ta baya yana ratsa jirgin daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Za ka ga katako na tashi, mutane na faɗuwa a kan bene, wani lokacin wuta ta kama rumbun albarushi jirgin ya tarwatse.

Matsalar tana wajen kwamfuta, wadda ke sarrafa jiragen abokin gaba. Sau da yawa jiragenta sukan nufo ka kai tsaye, goshi a gaba, masu sauri su baro masu nauyi a baya, su iso ɗaya bayan ɗaya. Kai kuwa ka jera naka a layi, iska na bayanka, ka gitta gabansu. Kowane jirgi da ya iso zai sha harbin gefe guda na jirage biyar ko shida kafin ya juya. In faɗa ya cakuɗe, jiragenta kan yi karo da juna su maƙale. Naka ma ba su tsira ba: idan ka haɗa jirage da yawa a rukuni ɗaya ka ba su umarnin juyawa, layin yakan murɗe, shi ya sa ya fi kyau a raba su rukuni uku-uku ko huɗu-huɗu.

Akwai kuma sassauci da ya rage wa wasan armashi: jirgi yana iya tafiya yana fuskantar iska sosai, sai dai a hankali, abin da jirgin gaske ba zai iya ba. Wannan ya rage darajar kama ɓangaren iska, wanda shi ne rabin dabarar kwamandojin zamanin.

A kan taswirar yaƙi, inda ake tafiyar da ƙasashe da rundunoni, lokacin da wasan ya fito, kwamfuta da ƙyar take ɗora sojoji a jirgi ta kai hari ta ruwa, har Ingila ta zama kamar ba mai iya taɓa ta. Gyare-gyaren da kamfanin ya fitar daga baya sun rage wannan, kuma gyaran da masoya wasan suka yi mai suna DarthMod yana sa abokin gaba ya fi tsauri. Ga mai son yaƙin ruwa, a sa shi tun farko.