Saitin kyamara da rada bayan hatsari: wurin wa za ka kai motarka?

Camry ta 2018 zuwa sama da ƙannenta irin su Corolla, waɗanda suka fara yawa a titunan Birnin Kebbi, motoci ne masu ido. Akwai kyamara a manne bayan gilashin gaba, daidai wajen madubin ciki, ga rada, na'urar da ke auna tazarar abin da ke gabanka, a ɓoye bayan tambarin Toyota na gaba. Su ke taka birki da kansu idan ka kusa afka wa wani, su ke yi maka ƙara idan ka bar layinka. Wasu motocin har a kusurwoyin bambar baya akwai rada mai lura da wanda ke shirin wuce ka.

Matsalar tana tasowa ne bayan fanal-bita ya gama aikinsa. Mota ta fito tana ƙyalli, amma ƙarfen da rada ke zaune a kai ya ɗan karkace. Karkacewar digiri 1 kacal, a nisan mita 100 ta zama kuskuren kusan mita 1.7. Sai motar ta ɗauki tirelar da ke ɗaya hannun a matsayin tana gabanka, ta danne birki a tsakiyar hanyar Jega, alhali mai bin bayanka bai shirya ba.

Ba kowane gyara ke buƙatar saiti ba. Idan ƙofa ce ta lotse ko fitilar baya ta fashe, yawanci babu ruwan na'urorin. Amma idan an canza gilashin gaba, an taɓa rada yayin cire bamba, jakar iska ta fashe, ko an yi aikin ƙafa da alaimen, to saiti ya zama dole.

Zaɓi mafi arha shi ne rewaya mai kwamfuta. Zai jona na'urarsa, ya goge fitilar gargaɗin, ya ce "Alhaji, ta yi." Goge fitila daban, saiti daban. Rada na iya kallon gefe dashbod kuma ya yi tsit. Wannan kuɗin, a ganina, zubar da shi ka yi, sai dai in lambar matsalar kawai kake son sani.

Na biyu saitin kan hanya ne: a jona kwamfutar da ta dace da motar, a tuƙa ta na wani lokaci har ta koyi hanya da kanta. Yana da sauƙi, sai dai ba kowace mota ke karɓar sa ba, kuma yana son titi mai farin layi a bayyane. Da hazon hunturu da layukanmu da suka koɗe, sau da yawa aikin ba ya kammala.

Na uku, wanda motocin Toyota da dama ke buƙata, saitin cikin gareji ne. Ana tsayar da mota a daɓe mai daidaito, a auna tsakiyarta, a kafa allunan saiti a nisan da kamfani ya ƙayyade, tayoyi da iska daidai, but ɗin motar kuma babu kaya. Wannan kan sa mutum ya nufi babban gari irin Abuja, ga kuɗin mai ga na kwana. Kafin ka kama hanya ka buga waya ka tambaya: suna da allunan irin motarka? Za su ba ka takardar sakamako kafin aiki da bayansa? Wanda ya fara kame-kame, ka nemi wani.

A ja kunnen mai fenti ma, don cikon da ake lafta wa bamba yana dushe radar da ke bayanta, haka tambarin gaba na jabu. Idan kuwa aljihu bai kai ba a yanzu, gara ka kashe birkin gaggawar da mai tsare layi daga maɓallan sitiyari duk lokacin da ka tayar da mota, har ranar da za ka samu zuwa.