Kantin Bin Dawood na Makka: ya isa mai ciwon suga da hawan jini da ba shi da wurin girki?

Ɗakin otal na alhaji a Makka ba shi da murhu. Abin da ake samu bai wuce ƙaramin firji ba, wani lokaci da butar lantarki ɗaya da mutum huɗu ko biyar za su yi tarayya a kanta. Otal-otal da yawa sun hana girki a ɗaki, a Mina kuwa an haramta tukunyar gas, kuma duk wanda ya san gobarar 1997 da ta ci rayuka sama da 300 ba zai yi gardama a kan dokar ba. Abincin da ake raba wa alhazai galibi shinkafa ce tuli guda, da burodi fari, da lemon kwali. Mai lafiya ya ci ya gode Allah. Wanda likita ya kafa wa doka a kan sukari da gishiri kuwa dole ya nemi wata mafita, kuma mafitar da ta fi kusa da Harami ita ce Bin Dawood.

Kamfanin ɗan asalin Makka ne, tun 1984 yake, shi ne kuma mai kantunan Danube. Reshen da alhazai suka fi sani yana cikin ginin hasumiyar agogo, Abraj al-Bait, ta ɓangaren Ƙofar Sarki Abdul'aziz, akwai kuma rassa a kewayen Masallacin Annabi a Madina. Hukuncin a taƙaice: kantin zai iya riƙe mai ciwon suga makonni huɗu ba tare da murhu ba, kuma ya riƙe shi da kyau. Mai hawan jini ne zai sha wuya, don kusan duk abin da ake ci ba tare da an dafa ba gishiri ne ke tsare shi daga lalacewa.

Abu na farko da ido ke cin karo da shi a reshen Harami kayan tsaraba ne: dabino a kwali-kwali, cakulan, alewa, biskit. Don mahajjaci mai komawa gida aka jera su. Ka wuce su kai tsaye zuwa wajen firji da wajen kayan lambu, a nan amfanin kantin yake. Kayan lambu da 'ya'yan itace ana auna su a liƙa musu farashi tun a wurin, wanda ya kai su wajen biya ba a auna ba sai an mayar da shi, layin kuma ba ya jira.

Ɓangaren nono shi ne mafi ƙarfin kantin. Akwai kayan Almarai, Nadec da Al Safi, sababbi kullum saboda yawan ciniki. Wanda Larabawa ke kira laban nono ne tsinkakke mai ɗan tsami, kusa da wanda muka sani a ƙwarya, zabadi kuma shi ne kindirmo. Kofi ɗaya na laban, mililita 200, yana da sitaci da sukarin madara wajen giram 9 zuwa 10, abin da yawancin masu ciwon suga za su iya ɗauka a zama ɗaya. Tarkon yana kan shiryayye guda: kwalbar da aka zana wa hoton mangwaro ko sitiroberi an zuba mata sukari, kuma girmanta da launinta kusan ɗaya da marar sukarin. Ayran kuwa nono ne da gishiri, mai hawan jini ya bar shi. Haka labna, wato kindirmo mai kauri, da cukuin halumi da feta, da zaitun na cikin ruwa, da kayan tsami da suke kira mukhallal. Duk suna da kyan gani kamar abincin masu kiwon lafiya, duk kuma gishiri ne.

Takardar bayanin abinci da ke jikin kaya tana zuwa da Larabci da Turanci, kuma ita ce ta sa wannan kanti ya fi gidajen abincin bakin titi ga mai doka. Sai dai sai an iya karanta ta. Layi uku ake dubawa. Na farko girman kaso ɗaya, don lissafin da ke ƙasa duk a kansa aka yi: kwalin biskit zai ce giram 15 na sitaci, amma na guda uku ne, a ciki kuma akwai goma sha biyu. Na biyu jimillar sitaci, wato karbohaidiret, ba layin sukari kaɗai ba, domin burodi da shinkafa sukarinsu kaɗan ne a takarda amma a jini suke zama sukari. Na uku sodiyum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 na gishiri a yini, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, wanda ya yi daidai da miligiram 2,000 na sodiyum. In ka ga sodiyum a takarda, ninka shi sau biyu da rabi, ka sami gishirin. Lemon da aka rubuta wa bidun sukkar mudaf, ma'ana ba a ƙara masa sukari ba, har yanzu yana ɗauke da sukarin 'ya'yan itacen, kuma kofinsa bai yi nisa da lemon kwalba ba, wanda gwangwaninsa na mililita 330 ke da sukari wajen giram 35.

Kayan gwangwani su ne naman wanda ba shi da tukunya. Kifin tuna yana nan iri-iri, a zaɓi na cikin ruwa ko man zaitun, mai zoben buɗewa a murfi, don ba kowane ɗaki ke da mabuɗin gwangwani ba, wuƙa kuma ba ta shiga jakar hannu a jirgi. A tsiyaye ruwan kifin kafin a ci. Waken gwangwani, ko ful ko hummus mai ƙwaya, a juye shi a ƙaramin mataci, a tsiyaye, a ɗauraye da ruwa mai tsabta kamar na minti ɗaya. Wannan kaɗai yana rage sodiyum da kusan kashi 40 cikin 100. Ful ɗin da aka riga aka dama da kayan haɗi ba ya ɗaurayuwa, don haka a ɗauki mai ƙwaya zalla. Akwai gargaɗi ɗaya da ba a cika yi wa mutanenmu ba: wanda gwaji ya nuna yana da ƙarancin sinadarin G6PD, matsalar da ta yawaita a Afirka ta Yamma, ful na iya farfasa masa jajayen ƙwayoyin jini. Shi ya tsaya a kan hummus ko farin wake.

Da waɗannan, abincin rana yana haɗuwa a kan faranti cikin minti goma: rabin gwangwanin wake ɗaurayayye, gwangwanin tuna ɗaya, kokwamba biyu ƙanana, tumatir ɗaya, albasa kaɗan, babban cokali ɗaya na man zaitun, a matse rabin lemon tsami. Lemon tsamin da barkono su ke rufe gurbin gishiri. Yajin da aka taho da shi daga gida yana taimakawa, muddin an daka shi ba magi ba gishiri, wanda sai an faɗa wa mai dakan tun farko.

Burodi shi ne raunin kantin. Fari ya fi yawa, kuma launin ruwan ƙasa ba hujja ba ce. A nemi wanda aka rubuta wa burr ko ƙamh kamil, wato alkama da dusarta, sannan a duba takarda. Yanka ɗaya yakan kai giram 12 zuwa 15 na sitaci, faifan burodin Larabawa babba kuma ya ninka haka fiye da sau biyu, sai a raba shi gida huɗu. Burodi ma yana ɗauke da gishirin da harshe ba ya ji.

A nan butar lantarki ke shigowa, kuma ya fi kyau mutum ya sayi tasa. Wutar Saudiyya a yawancin gine-gine daidai take da ta Najeriya, soket mai ƙafa uku, don haka butar gida tana aiki. A zaɓi mai shafaffen gindi na ƙarfe, don mai naɗaɗɗen ƙarfe a ciki tana fasa ƙwai. Ana saka ƙwai biyu ko uku a ruwan sanyi ya shanye kansu, a kunna, in ta kashe kanta a bar murfin a rufe minti 12. Ƙwan da aka fito da shi daga firji aka jefa a tafasasshen ruwa fashewa yake, ya bar ƙarnin da zai bi shayin kowa a ɗakin. Hatsin Quaker na gwangwani ba a dafa shi a cikin buta, yana kamawa ya ƙone gindin. A zuba babban cokali huɗu zuwa biyar, kimanin giram 40, a kofi mai murfi, a zuba tafasasshen ruwa, a rufe minti biyar, a sa laban ko madara da 'yar kirfa. Sitacinsa wajen giram 25 ne. Ƙananan fakitoci masu ɗanɗanon zuma ko tuffa da sukarinsu suke zuwa.

Indomie tana nan jibge, kuma ita ce abin da mai buta ke fara tunani. Farar fulawa ce soyayya, garin ɗanɗanonta kuma yakan cinye kashi ɗaya bisa uku ko fiye na gishirin yini. Ga masu cututtukan nan biyu ba ta da wuri.

Dabino ba a hana shi, lissafa shi ake yi. Kusan kashi uku bisa huɗu na nauyin busasshen dabino sukari da sitaci ne. Ƙanana irin ajwa guda uku sun kai wajen giram 15, babban majdul guda ɗaya ya kai haka shi kaɗai. Amfaninsa na gaske shi ne a aljihu. Sa'ayi kaɗai ya haura kilomita uku, ga ɗawafi wanda a bene ya fi tsawo nesa ba kusa ba, ga tafiya daga masauki a Misfala zuwa Harami sau da yawa a yini. Mai allurar insulin ko mai shan ƙwayoyin suga irin glibenclamide ko gliclazide, wanda ya rage abinci ya kuma ƙara tafiya, sukarinsa faɗuwa zai yi. In ya ji rawar jiki, zufa mai sanyi da jiri, ko na'urar gwajin suga ta nuna ƙasa da 70 a ma'aunin mg/dL, sai ya ci dabino uku ko ya sha rabin kofin lemo, ya sake gwadawa bayan minti 15. Ƙaramin kwalin lemon da aka ce a guje masa a kan faranti, a jakar Harami shi ne magani. Yawan maganin da za a sha a irin wannan tafiya kuma da likita ake daidaita shi kafin a bar gida, tare da tuna cewa agogon Saudiyya yana gaba da na Najeriya da Nijar da awa biyu.

Wani kaya da ke yaudarar masu hawan jini shi ne gishirin da aka ce mai ƙarancin sodiyum ne. An maye wani ɓangarensa da potasiyam. Mai shan maganin hawan jini irin lisinopril ko losartan, ko mai ciwon ƙoda, kada ya taɓa shi sai da izinin likita. Mai ciwon ƙoda ma wannan tsari gaba ɗaya ba nasa ba ne, don wake da tumatir da dabino da nono duk suna cikin abin da akan iyakance masa.

Ƙaramin firjin otal ba abin dogaro ba ne sosai. A wasu ɗakuna wutar tana ɗaukewa da zarar an zare katin ƙofa, firjin ya mutu har a dawo daga salla. Don haka sayayyar kwana biyu ta fi ta mako, kuma ƙananan kwalaben nono sun fi babba ɗaya. Kifin da aka buɗe a cinye shi a zama ɗaya. Abincin da ya yi awa biyu a waje, ko awa ɗaya in zafi ya wuce digiri 32, a zubar. Insulin da ba a buɗe ba yana son digiri 2 zuwa 8, a ajiye shi a firji, nesa da bangon baya inda ƙanƙara ke kamawa, don wanda ya daskare ya lalace ko da ya narke.

Kwanakin Mina da Arafa sai an yi musu sayayya tun ranar 6 ko 7 ga Zulhajji, domin a tanti ba a dogara da firji, zafi kuma ba wasa ba: a aikin Hajjin 2024 ya haura digiri 51 a Makka. Abin da ke jurewa shi ne tuna mai zobe, gyaɗa ko almond marar gishiri, ƙananan kwalayen madarar da ba ta buƙatar sanyi, tuffa, lemon zaƙi, da kokwamba na rana ta farko. Sashen gyaɗa na kantin yana da yalwa, sai dai mafi yawansu masu gishiri ne, a tambayi mai awo bidun milh. Daga abincin da ake rabawa a tanti a ci naman da ganyen, a ɗebi shinkafa daidai dunƙulen hannu, a ba maƙwabci sauran.

Ta fuskar kuɗi, kusanci da Harami ba ya zuwa a banza, ga harajin kaya na kashi 15 cikin 100 da ke kan kusan komai tun 2020. Wanda masaukinsa ke Aziziyya ko wata unguwa mai nisa zai sami manyan kantuna irin su Panda da suka fi fili da sauƙin cunkoso, kuma kayan nono da gwangwanin iri ɗaya ne. Reshen hasumiya yana cika maƙil bayan kowace salla, musamman Magariba da Isha'i, har tsayuwar layi ta zama wahala ga dattijo mai ciwon ƙafa. Da hantsi, tsakanin ƙarfe tara zuwa goma sha ɗaya, ya fi sauƙi. Tsinken gwajin suga da ƙwayar gulukos kuwa a kantin magani ake nemansu, irin su Nahdi, waɗanda ke da rassa a kewayen Haramin.