Kaba ko fata: wanne za ki fara da shi?

'Yar'uwa, kin ce kin kwashi adashi, kina zaune a gida, kina son sana'ar hannu da za ki ƙawata ɗakinki da ita, ki kuma riƙa samun abin bayarwa in biki ko suna ya taso. Kin rasa wanda za ki kama tsakanin saƙar kaba da aikin fata. Duka biyun sun bi ta hannuna. Kaba a gindin kakata na koya, fata kuwa da kuɗina na koye ta, har da asara.

Kaba lokacinki take ci, fata kuwa kuɗinki take ci. In kin riƙe wannan, sauran duk bayani ne.

Kaba dai kin san ta, ganyen goruba ne tun tana ƙarama, mutanen ƙauye ke kawo ta kasuwa dami-dami. Kayan aikinta ba su da yawa: basilla, reza, galura kala biyu ko uku, da tsohuwar tukunyar da kika daina girki da ita. Ki tafasa ruwa da galurar, ki tsoma kabar, ki shanya a inuwa. Kafin ki zauna saƙa ki yayyafa mata ruwa, ki naɗe ta cikin tsumma mai laima ta yi laushi, sannan ki tsaga ta siri-siri. Wahalar faifai duk a cibiyarsa take. Wannan ɗan naɗin farko da bai wuce girman ƙwandala ba, in ya karkace, haka faifan zai tafi a karkace har baki. Kakata ba ta kallon bakin faifai in za ta saya, juya shi take yi ta dubi cibiya, ta ce nan ake gane mai haƙuri. Faifaina na farko sau huɗu tana sa ni warwarewa, ina kuka, babban yatsana duk hujin basilla.

To amma warwarewar nan ita ce rahamar kaba. Kin yi kuskure, ki zare, ki sake, ba ki rasa komai ba sai yammacinki. Fata ba ta san wannan ba. Wuƙa ta zarce da rabin inci, ko basilla ta huda inda bai kamata ba, shi ke nan, hujin yana nan har abin ya tsufa. Mai koyo kuwa dole ta yi ɓarna, kuma ɓarnar fata da kuɗi ake biyanta.

Sai dai kada in rage wa fata daraja, musamman a garin nan namu na Sakkwato. Fatar jar akuyar Sakkwato ba sabon suna ba ce a duniya. Ita ce fatake suka riƙa ketare Sahara da ita zuwa arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai, Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko saboda ta can ta iso musu, suna yi wa littattafai bango da ita. Majemanmu da bagaruwa suke jima, rini kuwa, ja daga karan dafi, baƙi daga kuloko, rawaya daga gangamau, ko da yake yanzu rinin kanti ya shigo da yawa. In baƙo ya zo daga Legas ko Abuja ana son a ba shi tsarabar da zai ce lallai ya je Sakkwato, ba wanda zai miƙa masa faifai shi kaɗai. Tumtum za a ba shi, ko jaka, ko alabe, ko gafakar Alƙur'ani. Ta fuskar kwarjinin kyauta, fata ce gaba, ba gardama.

Matsalar tana nan: wa za ki yi gasa da shi? Ki shiga Shiyar Maɗunka, unguwar masu ɗinkin fata, ki gani. Sunan ma daga ɗunki ya fito, wato ɗinki, kamar yadda muke faɗa a nan. Yaro ɗan shekara 12 zai yanka fata yana hira, bai ko dubi hannunsa ba, domin a ciki ya buɗe ido, haka ubansa, haka kakansa. Suna sayen fata da yawa, ke kuwa ɗaya ko biyu za ki saya, farashinku ba zai zo ɗaya ba. In kika ce da tumtum za ki fara, za ki kashe fiye da abin da suke sayar da nasu, kuma naki ba zai yi kyan nasu ba. Na gwada, shi ya sa nake faɗa. Wanda na ɗinka yana nan bayan ƙyaure, gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu, yara ke hawa.

Kaba ba ta da wannan tarnaƙin. Masu saƙa suna da yawa, gaskiya ne, amma yawancinsu faifan rufe ƙwarya da na bakace suke yi. Masu zama su haɗa faifai biyar ko bakwai, manya da ƙanana, kala ta dace da labulen ɗaki, a jera a bango, ba su da yawa, kuma amare na nema. Ga ƙananan da ake ɗora kofi a kai, ga mafici, ga ɗan kwando mai murfi na ajiye turare ko dabino. Kada ki manta, lefen da ake ta cika akwatuna saboda shi yau, asalinsa kwandon kaba ne da ake zuba kayan amarya a ciki. Abin da ba zan ɓoye miki ba shi ne jinkiri. Faifai madaidaici mai zane yana cin min yammaci uku, kuma na saba. In wata ta ce tana son guda 100 na rabon biki nan da mako biyu, ke kaɗai ba za ki iya ba, kada ma ki karɓi kuɗinta. A nan fata ta yi wa kaba fintinkau: in kin yanka kwali a matsayin ma'auni, maƙalin makulli 30 ba zai gagare ki a yini ɗaya ba.

Yanayin garinmu ma yana da ta cewa. Da hunturu kaba bushewa take yi ta riƙa karyewa a hannu, sai kin dage da tsumman nan mai laima. In kin rataya faifai a bangon ƙasa ki riƙa ɗagawa kina dubawa saboda gara, kuma kada rana ta riƙa dukansa, galura koɗewa take yi. Fata kuwa damina ce abokiyar gabarta. Wajen watan Agusta, in kin kulle ta a leda, za ki buɗe ki tarar da fumfuna, in kuma jimar ba ta nuna ba, warin zai fito. Zafin bazara, lokacin da ake haura digiri 40, shi kuma gam yake ɗagawa, don haka duk abin da kika liƙa ki bi shi da ɗinki.

Asarar da na ambata kuwa ta rini ce. Na sayi jar fata mai araha wajen wani, na yi wa ƙawayen amarya ƙananan jakunkuna. Ranar wuni ana zufa, wata ta matse tata a hammata, jan ya sauka a kan farin leshinta. Har yau in mun haɗu sai ta tuna min. Tun daga ranar ba na biyan kuɗin fata sai na jiƙa farin ƙyalle na goga a kai, na lanƙwasa ta na ga ko fuskar za ta tsage, na kuma sansana.

Da ni ce ke, da kaba zan fara, in ajiye mafi yawan kuɗin adashin nan. Bayan wata biyu ko uku, in hannunki ya faɗa, ki aika a sayo miki guntayen fatar da ke raguwa wajen masu ɗinki, ba su da tsada. Ki yanka su siri-siri ki bi bakin faifai da su, ki yi wa mafici mariƙi, ki sa wa kwando ɗan madauki. Bakin faifai shi ke fara zarewa, fatar za ta riƙe shi, kuma mai saye da ta ga jan nan a gefe ba ta yi miki tayin faifan bakace. A kan guntayen nan za ki koyi yanka da huji ba tare da gabanki na faɗuwa ba.

In kin fara cibiyar ta ƙi zama, ki kawo ta gida bayan la'asar, ina da basilla biyu.