Wata tara ina karɓar maganin daina tramol: abin da na gani

Ciwon baya ne ya haɗa ni da tramol. An rubuta min na kwana goma, ni kuwa na zarce shekara uku. Ban taɓa kallon kaina a matsayin ɗan ƙwaya ba, tunda ina zuwa aiki ina riƙe gidana, sai ranar da na yanke jiki na faɗi ina jijjiga a gaban 'ya'yana. Daga baya na ji cewa tramol in ya yi yawa a jiki yana jawo wannan bugun mai kama da farfaɗiya. Yayata ce ta samo min cibiyar da nake zuwa yanzu, irin wadda ba a kwantar da mutum, sai dai ya je ya karɓi magani ya koma gida.

Da ƙofar shiga zan fara, don nan suka fi ɓata min rai. Ranar da muka je niyyata a cike take, amma aka rubuta sunana aka ce in dawo bayan mako uku, babu gurbi. Wanda ya san wannan jaraba ya san niyyar dainawa ba ta kwana uku, balle mako uku. A cikin jiran nan ci gaba na yi da sha, har na ƙara. Ba don Yaya ta tsaya a kaina ba, da ban koma ba. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya faɗa a rahotonsa na 2024 cewa cikin mutum 11 masu wannan larura, ɗaya ne kawai ke samun magani. Ina da yaƙinin wasu daga cikin goman nan sun kai bakin ƙofa kamar ni, aka ce su je su dawo.

Da na samu shiga kuwa, sai na tarar da likitan da ya san aikinsa. Bai yi min wa'azi ba. Tambaya ya yi ta jerowa: guda nawa nake haɗiya a rana, ina haɗawa da wani abu, yaya barcina. Sannan ya ɗora ni a kan bufrenofin, ƙwayar da ake sa wa a ƙarƙashin harshe ta narke. Sharaɗinta ne mai wuya, domin ba a fara ta sai ciwon rashin tramol ya kama mutum sosai. In aka yi gaggawa, ita da kanta za ta fizge ragowar abin da ke jiki ta jefa mutum cikin azabar da ta fi wadda yake gudu. Haka na kwana ina hamma, hawaye da majina na zuba, tsigar jiki na tashi, gaɓoɓi kamar ana sara. Da safe aka ba ni ta farko. Cikin awa guda na ji jikina ya lafa, ba maye, ba wannan shawagin da na saba, lafiya kawai.

Na dai yi masa gardama. Na ce, "Likita, ai ƙwaya ka sauya min da ƙwaya." Ya ce in duba yinin da nake yi a da: farkawa da lissafin nawa suka rage, ƙarya a gida, yawon nema. Ya nuna min cewa wannan maganin yana kama gurbin da tramol ke kamawa a ƙwaƙwalwa, amma ƙarfinsa yana da iyakar da ba ya wucewa, shi ya sa haɗarin tsayawar numfashi ya ragu ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tun 2005 ta sa shi da metadon, wani maganin daina ƙwaya irinsa, cikin jerin magungunan da bai kamata a rasa ba. Abin da bai magance min ba shi ne fargaba da rashin barci na makonnin farko, saboda tramol yana taɓa wasu sinadaran ƙwaƙwalwa masu alaƙa da yanayin zuciya. Wannan da an gaya min tun farko, da ban tsorata haka ba.

A wata na huɗu na koma ruwa, kuma rabin laifin na tsarinsu ne. Tagar karɓar magani daga ƙarfe takwas zuwa sha biyu take buɗewa, daidai lokacin aikin duk wani mai aiki. Tafiya ta kama ni, maganina ya ƙare, kwana biyar ba na kusa, sai na nemi abin da na sani. Na dawo ina jiran kora, don gwajin fitsari ba ya rufa asiri. Nas ɗin ta kalli takardar ta ce, "Malam, sannu da dawowa. Zauna mu ga inda aka samu tangarɗa." Wallahi wannan maganar ce ta riƙe ni. A ranar suka kira matata suka koya mata amfani da nalokson, maganin da ke farfaɗo da wanda ƙwaya ta danne wa numfashi. Suka ja mata kunne cewa aikinsa na ɗan lokaci ne, daga rabin awa zuwa awa ɗaya da rabi, don haka ko mutum ya farka dole a garzaya da shi asibiti. Sun kuma fahimtar da ni cewa wanda ya ɗan daina, jikinsa ba ya ɗaukar adadin da ya saba, kuma a nan ne ake yawan rasa rai.

Zaman tattaunawa na rukuni kuwa, wata rana zuma wata rana maɗaci. Sau uku ana sauya mana mai ba da shawara, kowanne sai ka sake kwance masa labarinka daga tushe, abin da ke da nauyi a baki. Mata kuma ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Ban yi mamaki ba, domin ɗakin jiran a buɗe yake, duk mai wucewa yana ganin wanda ke zaune, ga shi babu inda uwa za ta ajiye yaro. Rahoton nan na 2024 ya ce a ɓangaren mata, ɗaya ce cikin 18 ke samun magani.

Ga mai tambaya ko ya je, ni dai cewa zan yi ya je, amma ya tafi da wani nasa da zai riƙe shi a makonnin jira, kuma tun ranar farko ya tambayi yadda ake yi in tafiya ta taso. Yanzu na mako guda ake ba ni in tafi da shi gida, ciwon bayan kuma an tura ni wajen masu gashin ƙashi. A zamanmu na ƙarshe likita ya tambaye ni ko mu fara rage maganin. Na ce masa tukuna. Ya ce babu gaggawa, ya rubuta min ranar dawowa.