Kuben aljihu na ƙaramar bindiga: aikin badukun Yamai da na roba ɗan waje

Wannan bayani na masu takarda ne, waɗanda ma'aikatar cikin gida ta ba izinin riƙe bindiga da yawo da ita, don a Nijar in ba ka da wannan izini to kai da kotu ne, kuma hukumar CNCCAI tun 1994 aikinta kenan, tattara makaman da ke hannun mutane ba bisa ƙa'ida ba. To in permi ɗinka, wato takardar izinin, ya fito, wallahi abin da zai ci maka lokaci ba bindigar ba ce, kuben ne, shi ya sa nake son in faɗi abin da na gani tsakanin na fata da wani baduku ya ɗinka min nan Yamai da na roba mai tauri da ake kira Kydex.

Bindigata Glock 43 ce, ƙirar Ostiriya, ta fito a 2015, harsashi 6 take ci na 9mm, nauyinta wajen rabin kilo. Akwai Ruger LCP ta Amurka mai cin harsashi samfurin .380 da ba ta kai giram 300 ba, a aljihu ba ka ma jin ta, amma in ka harba tana dukan hannu sosai saboda rashin nauyi, ga mariƙin gajere, ƙaramin yatsa a waje yake zama. SIG P365 ta 2018 tana cin harsashi 10 kuma girmanta kusan ɗaya da tawa, mai zaɓi ita zan nuna masa. Makarov kuwa da manyanmu suka sani ƙarfe ce mai giram 730, tana rinjayar aljihun kaftani ƙasa har na nesa ya gane akwai abu a ciki.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne Glock ba ta da makullin gefe irin na Makarov da ake turawa da babban yatsa don hana bindiga tashi, in wani abu ya shiga ya ja kunamar to ta tashi kenan, kuma bindigar aljihu bakinta cinyarka yake kallo, in kana zaune kuma wanda ke gabanka. Don haka kuben da bai rufe kunama ruf da abu mai tauri ba, ko kyauta aka ba ka kar ka karɓa.

Badukun nan gwani ne, wannan ba musu. Na cire harsasai kaf a gabansa, ya naɗe bindigar da leda, ya jiƙa fata ya dinga matsa ta da yatsa da wani ɗan ƙashi mai santsi har siffar ta fito, ɗinkinsa layi biyu ne ba zare ko ɗaya da ya kauce, ya goge bakin ya yi sumul. Ya ce min "Alhaji a sa ado ne?" na ce a'a Malam, abin ɓoyo ne. Kuɗin aikin ma da sauƙi, bai kai rabin na ɗan waje ba. Matsalar daga fatar take. Jar fatar akuya da majema ke jemewa da bagaruwa tana da kyau a jaka da takalmi da laya, amma taushinta ya yi yawa ga wannan aiki, da zafin Afirilu da Mayu ya shigo rana ta haura digiri 40 gumi ya dinga jiƙa ta, sai bakin kuben ya saki ya fara lanƙwashewa ciki daidai wajen kunama, kuma wannan lanƙwasa ita ce ke iya jan kunama lokacin da mutum ke mayar da bindiga. Rinin ma ya zuba ya ɓata min aljihun farar shadda, kuma fata tana riƙe danshi da gishirin gumi, wanda tasa ƙarfe ce zalla tsatsa zai gani.

Na Kydex ɗin ba shi da kyan gani ko kaɗan, amma in ka tura bindiga za ka ji ta ce ƙas ta zauna, ka kifa shi ba ta faɗuwa, gumi bai dame shi ba, ka goge da tsumma shi kenan. Yana da ɗan ƙugiya a gefe da ke kama bakin aljihu don in ka zaro bindiga kuben ya tsaya a ciki. Sai dai an yi shi ne don aljihun wandon jins mai matsewa, aljihun kaftani ko jallabiya namu faɗi gare shi yana lilo, kuben sai ya juya ya kwanta, ka sa hannu ka tarar mariƙin yana ƙasa, a kan moto kuwa yana bugun cinya, wajen ruku'u da sujada yana zamewa gaba. Sai da na kai wa tela ya rage faɗin aljihun ya ƙara masa yadi mai kauri sannan ya zauna daram. Kar a bar shi cikin mota a rufe da rana, zafi na iya sauya masa siffa, kuma lokacin hunturu ƙura tana shiga ciki ta dinga kankare jikin bindiga, sai ana yawan wanke shi.

Kowanne ka ɗauka, wannan aljihu nasa ne shi kaɗai, ba makullin moto ba goro ba canji, kuma in za ka mayar da bindiga fito da kuben waje ka sa ta sannan ka mayar da su tare. Da ka shigo gida kuma akwatin ƙarfe mai makulli, don yara rigar baba a rataye ita suke fara laluba.

A yanzu na Kydex nake amfani da shi kullum. Badukun kuma na koma wajensa ba don faɗa ba, na nuna masa inda ya lanƙwashe ya gane nan take, mun yi magana zai yi wani da ƙirgin saniya mai kauri, ba rini, ya ninka bakin biyu ya bar gefen gashi-gashin a waje don ya kama aljihu. In ya iya jure zafin bana bai saki ba, nasa zan dinga tura masu permi.