Bishiyar maguna da kafintan unguwarmu ya haɗa mini

Maguna biyu gare ni, muzuru da muke kira Soja da wata 'yar ƙarama mai suna Tsigi, kuma babu kyanwar Lami a cikinsu, suna cizo suna yakushi. Tun da na koma gidan haya a Sabon Gari na daina barin su fita, domin maƙwabcina yana kiwon tantabaru, kuma sau biyu yana aiko yaro da gargaɗi. Ɗaki biyu da falo, shi ke nan duniyarsu. Cikin wata uku suka zare hannun kujerata har soso ya fito, labulen ƙofa kuwa ya koma tsani.

Ƙanwata ce ta turo mini hoto a WhatsApp, wani abu mai hawa-hawa da Turawa ke ajiye wa magunansu a ɗaki. Na zaga Kasuwar Dole ranar Alhamis, ban ga ko mai kama da shi ba, wani mai kayan roba ma ya ɗauka gadon jariri nake nema. Sai na kai wa kafintan da ya taɓa gyara mini ƙofa.

Ya duba hoton, ya dube ni. "Hajiya, don Allah wa zai zauna a nan?" Na ce mage. Yaran shagon suka tuntsire da dariya, shi kuwa ya gyara fensir a bayan kunne ya ce jaka 20. Muka daidaita a 16, na ba da rabi, ya ce in dawo bayan kwana biyar. Kwana biyar ɗin nan sai da suka haifi goma sha biyu, amma wanda ya san kafintoci ana gab da bukukuwan aure, da gadajen amare jere a ƙofar shago, ba zai yi mamaki ba.

Na farkon da ya kawo, a ido ya yi kyau. Siriri, dogo, an shafe shi da man nan mai sheƙi, kai ka ce kantar jeren kwanuka ce. Soja ya shinshina ya yi atishawa ya bar wajen. Sai da warin ya tafi, bayan kwana huɗu, ya yi tsalle ɗaya daga kan kujera zuwa hawa na biyu. Abin ya yi tangaɗi ya kife a kan tebur, ya tafi da kofunan shayina biyu. Mage in abu ya taɓa girgiza a ƙarƙashinta, ta gama da shi. Ko kallonsa ba su ƙara yi ba.

Abin da ya sa nake rubuta wannan shi ne yadda mutumin ya karɓi ƙorafina. Bai ce laifin magen ba ne. Bayan la'asar ya zo da kansa, ya zauna a tabarma kusan rabin awa yana kallon su kawai. Ya ga yadda Soja ke miƙewa tsaye da ƙafafun baya ya kafa farce a kujera ya ja ƙasa, ya fiddo ma'auni ya auna inda farcen ya kai: santimita 80 da ɗoriya. Na yi masa bayanin abin da na sani, cewa yakushin nan ba ɓarna ce kawai ba. Da shi suke ɓare tsohon ɓawon farce, suna miƙe jijiyar baya, kuma suna barin warinsu daga tafin ƙafa don nuna wurin nasu ne. Ya ce, "To ai turke suke so, ba kanta ba." Magana ɗaya ya gano abin da hoton bai nuna masa ba.

Na biyun da ya yi, gindinsa katako ne mai kauri ninki biyu, santimita 60 kowane gefe, nauyinsa sai da yaro ya kama mini. Ginshiƙin reshen bedi ne busasshe mai kaurin cinya, da 'yar lanƙwasarsa ta asali, tsawo mita ɗaya da santimita 70, an ɗaure shi daga ƙasa da manyan ƙusoshi masu murɗi. Hawa uku ya yi, kuma bai jera su kai da kai ba, ya karkata kowanne gefe guda. Wannan dabarar tasa ce. Farcen mage ƙugiya ne mai kallon baya, hawa ba ya ba ta wuya, saukowa ce matsala, don haka tana son inda za ta dira mataki-mataki. A tsakiya ya sa akwati mai ƙofa zagayayya. Bai shafa komai ba, ya dai goge katakon ya yi santsi. Jaka 4 ya ƙara, kuɗin katako, bai karɓi ladan aiki ba.

A kan igiya muka yi gardama. Shi ya so ta roba, wai ta fi ƙarko. Na ƙi, don zarenta in ya tsinke yana maƙale farce, kuma ba na son su haɗiye shi. Muka naɗa igiyar kaba, mai araha, maguna suka so ta ƙwarai, amma wata biyu ta yi ta ragargaje, kullum ina sharar ɓurɓushi. Yanzu ta rama ce a kai, na naɗa da kaina, sawu a kan sawu ina bugawa da guduma don ta matse. Wata biyar ke nan, ta yi gashi-gashi amma ba ta kwance ba. Kan ƙusa biyu na tarar sun leƙo a ƙarƙashin hawa na sama, na mayar masa ya lanƙwasa su. Wanda zai sa a yi masa, ya bi ko'ina da tafin hannu kafin ya biya cikon kuɗi.

Da hunturu, a Disamba da Janairu, akwatin nan faɗa ake yi a kansa, Tsigi ta shige Soja ya tsare ƙofa. Da zafin Afrilu ya zo suka ƙaurace wa saman gaba ɗaya, don kusa da rufin kwano kamar tanda yake, suka koma gindin randa suna kwanciya a kan yashi mai danshi. Turken dai ba su bar shi ba, safe da yamma sai sun ja.

Kujerar na kai an sake mata yadi, har yau lafiya lau. Jiya na wuce ta gaban shagon, ya tsayar da ni yana tambaya ko zan turo masa hoton abin yadda yake yanzu da magunan a kai, wai matar wani likita ta ji labari tana son irinsa, amma mai hawa huɗu.