Agogon GPS mai layin waya ga mai ciwon mantuwa: amfaninsa, da sirrin da yake iya tonawa

Ciwon mantuwa da ya kama mutum kafin ya kai shekara 65 yana zuwa da wahalar da ba a cika gani wajen tsoho tukuf ba: ƙwaƙwalwa ta raunana, ƙafa kuwa lafiyarta lau. Ɗan shekara 55 da ya bar gida a unguwar Nima ta birnin Accra, Ghana, bayan la'asar zai iya cin kilomita 4 ko 5 cikin awa ɗaya, in kuma ya faɗa trotro, wato motar haya, sai dai a ji labarinsa a Madina ko Kaneshie. Ba mai tare shi a hanya, domin ga shi fes da wankakkiyar riga, yana amsa gaisuwa daidai. Ƙungiyar Alzheimer ta Amurka ta ce mutum 6 cikin 10 masu wannan ciwo sukan fita su ɓata aƙalla sau ɗaya. A zango kuwa haɗarin ya wuce ɓata. Ya kutsa gidan da ba nasa ba, wani ya ƙwala ihun ɓarawo, kafin a gane wane ne an riga an ji masa ciwo.

Agogon da ake magana a kai shi ne na hannu mai GPS da ake sa wa layin waya, irin wanda ake samu a shagunan Circle wajen Tip Toe Lane. Sunayen da ke jikin kwalayen sun bambanta, cikinsu kusan ɗaya ne, kuma da yawansu da manhajar SeTracker2 suke aiki. Ya cancanci kuɗinsa, amma ga wanda zai zauna ya saita shi da kyau.

A sayi mai 4G, kada araha ta ja mutum zuwa tsohon mai 2G. Kada a bar shagon sai an sa layi, an fita waje ƙarƙashin sararin sama, an ga ɗigon agogon ya fito a taswira daidai inda ake tsaye. Layin ƙarami ne, nano, na MTN ko Telecel ko AT, wanda ya fi ƙarfi a unguwar. A fara sa shi a waya a cire masa PIN, a tabbatar yana da data da kuɗin kira, sannan a kashe agogon a saka. Wajen buɗe asusu a manhajar a zaɓi yankin Turai da Afirka; wanda ya zaɓi wani yankin zai ga agogo a kunne amma manhaja tana cewa ba ya kan layi, ya yi ta zargin mai shago a banza. In yankin daidai ne kuma har yanzu shiru, yawanci APN, wato saitin intanet na layin, ne bai shiga ba, mai gyaran waya zai tura shi da saƙon tes.

A fili, kamar kan titin Kanda, yana nuna wuri da kuskuren 'yan mitoci kawai. A lungunan Nima da Mamobi labari ya sha bamban. Rufin kwano da matsattsun gine-gine suna tare siginar tauraron ɗan'adam, sai agogon ya koma lissafi da turakun kamfanin waya, kuskuren kuwa yakan kai ɗaruruwan mitoci. Manhajar tana rubuta GPS ko LBS kusa da ɗigon. In LBS aka gani, wato lissafin turaku, unguwa aka sani, ba gida ba. A kira agogon, a tambayi masu shago da 'yan majalisar ataya na wajen. Saboda wannan kuskuren ne bai kamata a matse da'irar tsaron da ake zanawa kewaye da gida ba. A ba ta kamar mita 300, ta haɗa da masallaci da wajen mai koko. In an matse ta waya za ta yi ta ƙara yana kwance a ɗaki, mai jinya ya gaji ya kashe sanarwar, ranar da za ta yi amfani babu ita.

Batir shi ne babban rauninsa. In yana aika wuri kowane minti ɗaya, da ƙyar ya kai dare. A bar shi a kan minti 10, a mayar minti ɗaya sai lokacin nema. Kada a yi cajin dare, domin da yawansu ƙarfe biyu na dare suke tashi su ce asuba ta yi. A ware awa biyu da safe lokacin da wani yake zaune da shi, a kuma ajiye fawa-banki saboda dumsor, wato ɗaukewar wuta. Igiyar cajin mai maganaɗiso ce, taɓa ta kaɗan ta zame, gumi da ƙura kuma suna toshe bakin ƙarfen. A goge da busasshen ƙyalle, a ga alamar caji ta fito kafin a juya baya.

Sai alwala. Mutumin da ya shekara 40 yana cire agogo kafin ya wanke hannu ba zai daina ba don an ce ya daina. Zai ajiye shi a gefen famfon masallaci ya tafi, taswira kuma ta yi ta nuna yana masallaci har isha'i. A canza maɗaurin da mai wuyar ɓallewa, a bar shi sakwa-sakwa yadda zai motsa ruwa ya ratsa ƙasansa. Mai alamar IP67 yana jure ruwan alwala, amma a cire shi lokacin wanka da sabulu.

Maɓallin SOS da masu shago suke yabo bai da amfani sosai a nan, tunda wanda ya ɓata bai san ya ɓata ba. Agogon da yake amsa kira da kansa ya fi shi daraja. Tunatarwar shan magani kuma a kashe ta: donepezil, maganin ciwon mantuwa, sau ɗaya ake sha a rana, mai mantuwa kuwa in agogo ya ce sha zai ƙara sha. A 2020 masu binciken tsaro a Ingila sun nuna cewa baƙo yana iya aika wannan tunatarwar ta wata ɓaraka a tsarin SeTracker, kafin a toshe ta. Magani ya zauna a hannun mai jinya.

Masu tambayar AirTag, ƙaramar na'urar bin sawun kaya: batirinsa yana kai kusan shekara, amma ba shi da GPS, da iPhone na masu wucewa yake dogara, kuma kamfanin Apple don kaya ya yi shi. A unguwar da Tecno da Infinix da itel suka cika aljihu, zai yi ta nuna inda mutum yake ɗazu.

Akwai gidajen da wannan agogo yake bukatar ƙarin hattara. Maza biyu da suka shekara 20 ko 30 tare, unguwa ta san su da aminai ko abokan haya, alhali masoya ne, kowa shi ne gatan ɗan'uwansa. Sashe na 104 na dokar laifuka ta Ghana ta 1960 yana hukunta tarayyar namiji da namiji, Kotun Ƙoli ta tabbatar da shi a 2024, kuma doka ba ta san wannan zaman a matsayin aure ba. Wanda yake wanke mara lafiyar yana ciyar da shi, a takarda ba kowa ba ne.

Asusun da ya fara karanta lambar bayan agogon shi ne shugaba, shi yake amincewa da sauran. Don haka abokin zaman ya yi rajistar da hannunsa, da kalmar sirri mai ƙarfi, kada ya bar wa yaron shago ko ɗan yayar mara lafiya. Layin ma a yi masa rajista da Ghana Card na mai jinya, domin in ya lalace mai sunan ne kaɗai zai karɓo wani, kuma kada a buɗe MoMo, wato asusun kuɗi na waya, a kansa. Duk wanda aka ƙara a asusun yana ganin tarihin zirga-zirga na makonni, har inda ake kwana. Abin da ya fi wannan nauyi, yawancin agogunan suna da hanyar sauraro daga nesa: a danna a manhaja, agogon ya kira a ɓoye ba ƙara ba haske, a ji duk abin da ake faɗa a ɗaki. 'Yan'uwa suna da haƙƙin sanin halin ɗan'uwansu, kuma ranar nema ana bukatar ƙafafunsu, amma ba dole sai da asusu ba. A sa lambar yayarsa cikin lambobin kira uku na agogon, ranar ɓata a tura mata hoton taswira ta WhatsApp.

Nau'in ciwon mantuwa da yake taɓa gaban ƙwaƙwalwa, wanda ake yawan gani a masu ƙananan shekaru, yana fara cire kunya da kawaici kafin ya taɓa tunani. Mutumin da ya riƙe bakinsa shekara 30 yana iya kama hannun masoyinsa a kasuwar Laraba, ko ya faɗa wa baƙo abin da bai taɓa faɗa ba. Shi ya sa saurin samunsa yake da nauyi biyu a irin wannan gida. A sa masa kati a aljihu, da Turanci: sunansa, cewa yana da ciwon mantuwa, da lamba biyu. Gaban lambar abokin zaman a rubuta mai kula da shi. Gaskiya ce, kuma ta ishi ɗan sanda da direban trotro.

A nemi yardarsa tun yana ganewa, da magana a fili: "Alhaji, wannan agogon in ka yi nisa zai nuna mini inda kake, in zo in ɗauke ka." Wanda ya saba da shi da wuri ba ya yaƙi da shi daga baya. A wannan lokacin ne kuma ya kamata ya faɗa wa likitansa da bakinsa, a Korle Bu ne ko Pantang ko asibitin ƙwaƙwalwa na Accra, cewa wane shi ne mai kula da shi, a rubuta a fayil. Haka wasiyya a ƙarƙashin dokar 1971: sai da cikakken hankali take inganta, da shaidu biyu a zama ɗaya, kuma kada mai amfana ya zama shaida. In babu ita, dokar gado ta 1985 mata ko miji da 'ya'ya da iyaye da dangi ta sani.

Ranar da ɗigo ya fita daga da'ira, a mayar da agogon kan minti ɗaya, mutum ɗaya ya zauna a gida da waya, ɗaya ya bi taswira da hoton mara lafiyar na kwanan nan, a fara da tsohon wajen aikinsa da gidan da ya tashi. In an yi minti 15 ba a gan shi ba, a kira lambar gaggawa ta 112.